Jirgin Da Aka Ƙera Domin Kifi Ɗaya

Ranar 2 ga watan Yuni na shekarar 1932, a tsakiyar matsin tattalin arzikin nan da ya durƙusar da Amurka har magidanta suka riƙa bin layi domin karɓar abincin sadaka, wani saurayi manomi mai suna George Perry, da ya ga ruwan sama ya jiƙa gonarsa ta yadda garma ba za ta shiga ba, ya ɗauki sandar fatsarsa ya tafi tare da abokinsa wani ɗan tafki da ake kira Montgomery a jihar Jojiya, suka shiga kwalekwalen da aka harhaɗa da guntayen katako, ɗaya na tuƙi da filafili, ɗaya na jifa. A wannan rana ce ya kamo kifin bas mai nauyin laba 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yan kai, wanda har yau, bayan shekara 90 da ɗoriya, ba a tabbatar da wanda ya ture shi daga littafin ƙididdigar masunta na duniya ba, illa wani Bajapane, Manabu Kurita, da ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa cikin 2009. Perry kuwa bai ɗauki al'amarin da wani girma ba: ya kai kifin gari aka auna, ya komo da shi gida aka soya, iyali suka ci.

Magajin Perry a yau, in mai hali ne, ba ya zuwa tafki sai da jirgi mai tsawon ƙafa 20 ko 21, wanda mota ke ja bisa tirela, jikinsa na faiba yana ƙyalli, a bayansa an rataya inji mai ƙarfin doki 250 da ke iya tsuga gudun fiye da kilomita 110 a sa'a guda, a goshinsa ga wani ƙaramin injin lantarki da ake sarrafawa da ƙafa, ga alluna masu nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa, a cikinsa kuma ga wata 'yar rijiya inda ake ajiye kifi da ransa domin a mayar da shi ruwa da la'asar. Kuɗin wannan duka, in an cika masa kaya, yakan haura dala 100,000. Galibin masu ba da tarihin wannan jirgi sukan jingina shi ga maƙera biyu ko uku, kuma ba za a tauye musu haƙƙinsu ba. Amma wanda ya yi bahasi da natsuwa zai tarar cewa maƙeran nan kira kurum suka amsa, domin abubuwa biyu ne suka zana siffar jirgin tun kafin a taɓa katako: madatsun ruwan da hukuma ta gina, da dokokin gasa, musamman abin da ya shafi agogo.

Wajibi ne a fara da kifin kansa. Bas kifin ruwan daɗi ne, asalinsa gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa, kuma iri biyu ne suka fi shahara daga cikinsa: mai babban baki, wanda ya fi son ruwa mai ɗumi da ciyayi, da mai ƙaramin baki, ma'abocin ruwa garau da duwatsu. Babu shi a kogunanmu, amma in ana neman abin da za a ƙiyasta shi da shi, to giwan ruwa ne ta fuskar farautar 'yan uwansa kifaye, ko da yake bai kai ko kusa da girmansa ba, tun da galibin waɗanda ake kamawa tsakanin rabin kilo ne zuwa kilo biyu. Ɗabi'arsa kwanton ɓauna: yakan laɓe a gindin kututture, ko ƙarƙashin ciyawa, ko gefen dutse, sau da yawa a ruwan da bai wuce ƙugun mutum ba, yana jiran abin da tsautsayi zai gifta da shi; idan kuwa ƙugiya ta kama shi, sai ya yi tsalle sama da ruwa yana girgiza kai, kuma wannan faɗa nasa, ba namansa ba, shi ne abin da ya sa Amurkawa suka ɗaukaka shi bisa sauran kifayensu.

Tun da doka a galibin jihohi ta hana sayar da bas ɗin da aka kamo daga tafki ko kogi, kuma ba a yarda a sa masa taru ko koma ba, hanya ɗaya ce ta rage, ita ce fatsa. Fatsar da ma'abota wannan fanni suka fifita kuwa ba irin wadda mutum zai soka tana ya jefa ya zauna yana gyangyaɗi ba ce, ƙoton ƙarya ne na itace ko ƙarfe ko roba, wanda aka siffanta da ɗan kifi ko kwaɗo ko tana, a jefa shi daidai maɓoyar kifin, a janyo shi yana motsi tamkar mai rai, a sake jefawa, sau ɗaruruwa a yini guda. Mai irin wannan su yana bukatar ya tsaya a tsaye ba tare da jirgi ya kife da shi ba, hannuwansa biyu su zama ba su riƙe da komai sai sanda, jirgin ya riƙa tafiya sannu a hankali yana bin gaɓa ba da ƙara ba, ya kuma iya shiga ruwa marar zurfi mai cike da itatuwa. Waɗannan sharuɗɗa ba su taɓa sakewa ba tun farko har yau. Abin da ya sake shi ne hanyar cika su.

A zamanin da ya gabata, abin da ke cika su ɗan Adam ne. A tsaunukan Ozark, tsakanin jihohin Mizuri da Akansas, akwai wani irin jirgin katako dogo, siriri, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda ake bin kogin White da rassansa da shi kwana da kwanaki; baƙo mai kuɗi ya zauna a kujera daga gaba yana jifa, ɗan jagora yana baya da filafili yana karkatar da jirgin inda ya san kifi na kwance, da dare a sauka bisa tsakuwar gaɓa a kafa tanti a soya abin da aka samu, in an kai ƙarshen tafiya a ɗora jiragen a jirgin ƙasa ko babbar mota a mayar da su mafari. Mas'alar a fili take: ba a haɗa tuƙi da jifa a hannu ɗaya, saboda haka mai wadata ya yi hayar matuƙi, talaka kuwa ya nemi aboki su riƙa karɓa-karɓa.

Sai zamanin madatsun ruwa ya zo. Cikin 1933 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumar raya kwarin kogin Tenesi, wadda ta datse kogin a wurare da dama, har aka samu tafkin Guntersville cikin 1939 da na Kentucky cikin 1944. Rundunar injiniyoyin soja kuma ta bi kogin White ta gina madatsar Bull Shoals, wadda Shugaba Truman ya buɗe cikin 1952, sa'an nan Table Rock, sa'an nan Beaver. A Tekzas aka yi Sam Rayburn cikin 1965, kana jihohin Tekzas da Luwiziyana suka haɗa hannu suka yi Toledo Bend, mai faɗin eka wajen 185,000, a ƙarshen shekarun 1960. Maƙasudin galibin wannan aiki shi ne kare ambaliya da samar da lantarki, ba kifi ba. Amma da ruwa ya hau ya haɗiye dazuzzuka da gonaki da hanyoyi da kufan ƙauyuka, abin da mutanen Yawuri da Busa ba sa bukatar a yi musu sharhinsa tun da Kainji ta cika cikin 1968, sai bas ya samu abin da bai taɓa samu ba, wato dubban ekoki na itatuwa nutsattsu inda zai laɓe, da yalwar abinci daga ruɓaɓɓun ganyaye da ke ciyar da ƙananan halittu, ya hayayyafa hayayyafar da ta wuce misali.

Wannan ni'ima ta zo da nata mushkili. Tafki mai tsawon mil 50 ko fiye ba a ƙetare shi da filafili, kuma idan iska ta taso a kansa yakan yi igiyar da jirgin kogi mai shimfiɗaɗɗen gindi ba ya iya jurewa, alhali a can cikin lungunansa kututture na nan daf da fuskar ruwa suna jiran jirgin da gindinsa ya cika nitsewa. A daidai wannan lokaci kuma, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aikacin Amurka ya samu albashi da mota da hutun ƙarshen mako, ya zama mutum mai kuɗin sayen jirgi amma marar lokacin ɓatawa.

Wanda aka fi danganta wa amsar farko shi ne Holmes Thurmond na garin Shreveport a Luwiziyana, wanda cikin 1948 ya ƙera jirgi mai tsawon ƙafa 13 da fallayen katakon da aka manne, gindinsa shimfiɗaɗɗe domin kada ya yi tangaɗi, gefunansa gajeru kuma sun karkato ciki daga sama domin kada iska ta samu abin turawa, goshinsa mai tsini, aka sa masa suna Skeeter, sunan da kamfanin ke ɗauke da shi har yanzu a Tekzas. Cikin 1961 kamfanin ya fito da irinsa na faiba, wato zaren gilashi da ake shimfiɗawa a cikin mazubi a jiƙa shi da wani irin ƙaro, in ya sandare ya ɗauki siffar mazubin. Fa'idar wannan kuwa ba rashin ruɓewa kaɗai ba ce, ita ce cewa maƙeri ya kuɓuta daga hukuncin katako, wanda ba ya lanƙwasuwa sai iyakar yadda ya ga dama, ya zama kowace siffa ya raya a zuciyarsa yana iya zuba ta, kuma daga mazubi guda ya fitar da jirage ɗaruruwa, kowane tamkar ɗan uwansa.

Injin fetur da ake ratayawa a bayan jirgi ya riga wannan duka, domin tun 1909 Ole Evinrude, haifaffen Norwe mazaunin Milwaukee, ya fito da nasa. Amma shi aikinsa kai mutum wurin su ne kurum, da zarar an isa sai a kashe shi, don ƙararsa na korar kifi. A ganina ruhin jirgin bas yana ga ɗan ƙaramin injin nan na goshi, wanda baƙo ba ya ko lura da shi. Cikin 1934 wani mutumin Fargo a Dakota ta Arewa, O. G. Schmidt, ya ɗauki injin tayar da motar Ford ya haɗa masa farfela da batir, ya samu abin da ke tura jirgi shiru, kuma daga nan kamfanin Minn Kota ya samo asali. Daga baya G. H. Harris na jihar Misisifi ya ƙago yadda za a juya irin wannan inji da tafin ƙafa, aka riƙa sayar da shi da sunan MotorGuide. Da aka ɗaura shi a goshi yana jan jirgi maimakon tura shi, mai su yana tsaye a kansa, ƙafa na tuƙi hannu na jifa, sai aikin matuƙin nan na baya ya faɗi baki ɗaya. Kuma tun da mai su ya koma gaba ya miƙe tsaye, dole aka ɗaga masa dandamali mai faɗi, aka shimfiɗa masa darduma don kada santsi ya kwashe shi ko ƙarar takunsa ta shiga ruwa, aka mayar da ƙarƙashin dandamalin ma'ajiyar sanduna da ƙoto.

Bayan jikin jirgi da inji, abu na uku shi ne ido. Carl Lowrance da 'ya'yansa biyu, a garin Joplin na Mizuri, sun ɗauko hikimar da jiragen yaƙi ke gano abin da ke ƙarƙashin teku da ita, wato a aika sauti ƙasa a auna lokacin da amsa-kuwwarsa za ta komo, suka ƙanƙantar da ita cikin wani ɗan koren akwati da suka fara sayarwa cikin 1959. Da shi ne masunta suka gano cewa tsohuwar hanya da tsohon kwarin rafi da ruwa ya binne suna nan a ƙasa, kuma kifi na bin su.

Duk waɗannan abubuwa sun kasance a warwatse, kowa na harhaɗa nasa gwargwadon hali, har sai da wani dillalin inshora na garin Montgomery a Alabama, Ray Scott, wanda ruwan sama ya hana shi fita su ya tsare shi a ɗakin otal a birnin Jackson cikin watan Maris na 1967, ya raya a ransa cewa kamun bas ma ana iya mayar da shi gasa mai doka da alƙali da 'yan kallo. Cikin watan Yunin shekarar ya tara mutum 106 daga jihohi 13 a tafkin Beaver, kowa ya biya dala 100. Shekarar da ta biyo ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. da mujallarta Bassmaster. Gasannin da ake yi kafinsa sun yi ƙaurin suna wajen maguɗi, shi ya sa ya gindaya sharuɗɗa masu tsanani: a haɗa mutum biyu da ba su san juna ba a jirgi ɗaya ta hanyar ƙuri'a, kowane ya zama shaida a kan ɗan uwansa, ba a amfani da ƙoto mai rai, a tashi a ƙayyadadden lokaci, a komo a ƙayyadadden lokaci, a auna, wanda nauyin kifinsa ya rinjaya shi ne zakara. Cikin 1971 ya shirya babbar gasar zakaru ta farko, inda ya zuba mutum 24 a jirgin sama ba su san inda za su ba sai da aka lula, aka sauke su a tafkin Mead na jihar Nebada, aka ba kowa jirgi iri ɗaya da na ɗan uwansa, Bobby Murray ya ci ya tafi da dala 10,000.

Sharaɗin lokacin nan, wanda a zahiri ƙaramin abu ne, shi ya haifar da gudu. Idan mutum yana da sa'a takwas ko tara kacal, kuma wurin da ya san kifi na kwance yana da nisan mil 30, to kowane minti da ya ɓata a hanya jifa ce ya rasa. Idan kuma wani ya riga shi isa, ya rasa wurin ɗungum. Idan ya makara wajen komowa, ana yanke masa laba guda a kan kowane minti, in ya wuce minti 15 kuwa aikin yinin ya tashi a banza. A shekarun farko ma duk jiragen a tare ake sakinsu, su kwasa a guje cikin igiyar juna, kafin hankali ya rinjayi zumuɗi a koma sakinsu ɗaya bayan ɗaya bisa lamba. Mai zuwa su domin nishaɗi ba shi da wata hujja ta yin gudun kilomita 100 a kan ruwa, amma da yake abin da zakara ya hau shi mujalla ke bugawa, shi kuma mai karatu ke sha'awa, sai bukatar mutum 'yan ɗari ta zama mizanin da ake ƙera wa dubbai jirgi da shi.

Babu wanda ya fahimci wannan alaƙa kamar Forrest Wood na ƙauyen Flippin a Akansas, mutumin da ya yi leburanci a ginin madatsar Bull Shoals, sa'an nan ya zama ɗan jagora a kogin White da tafkin da ya taya ginawa, saboda haka ya san tsohon jirgi da sabon ruwa duka biyu, sani na wanda ya yi da hannunsa. Cikin 1968 shi da matarsa Nina suka ƙera jirage shida a bayan wani gidan mai, suka sa musu suna Ranger. Cikin 1970 sun sayar da 1,200. Ranar 4 ga Mayun 1971 gobara ta cinye masana'antar ƙurmus, ba a tsira da wani abin kirki ba sai takardun odar jirage 60, amma cikin kwana 40 aka koma aiki. Wood da kansa yana shiga gasa, yana jin koken masunta a bakin ruwa, ya koma gida ya gyara mazubi. Tun daga 1972 kuma har kusan shekara 30, jiragensa ne ake ba zakaru a babbar gasar, wanda talla ce da kuɗi ba sa iya saye. Ya rasu cikin 2020.

A cikin 1972 ɗin ne aka kawo dokar da za ta fi ba mai karatunmu ta'ajibi. Scott ya hukunta cewa a gasarsa kifi zai zo ma'auni da ransa, a mayar da shi ruwa bayan an auna, wanda ya kawo matacce a rage masa nauyi. Daga nan ya zama tilas kowane jirgi ya samu rijiyar da famfo ke ɗebo mata ruwan tafki yana fesawa domin iska ta shiga, tsohon ruwan yana fita ta wata kafa. Basarken da ya gaji su daga kakanni, in aka ce masa mutum ya ƙona galan 40 na fetur ya kamo kifi biyar ya sake su, ba zai rasa kiran abin lagawu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai hujjar Scott ba ta tausayi ba ce, ta tadbiri ce: mutanen gari sun fara ƙyamar ganin baƙi sun zo sun tara tulin matattun kifaye a bakin tafkinsu, kuma ya gane cewa sana'ar da ke cinye jarinta ba ta daɗewa. Adadin kifin da ake yarda mutum ya kawo a yini ma an yi ta rage shi har ya tsaya a biyar. Gaskiya ne ba duk wanda aka saki ke rayuwa ba, balle a tsakiyar zafi, bayan ya yini a rijiya yana shan jijjiga. Amma al'adar ta fita daga gasa ta game masuntan nishaɗi baki ɗaya, har ya zama a yau galibin bas ɗin da ake kamawa a Amurka ana mayar da shi ruwa.

Shekarun 1970 su ne na tseren inji. Jiragen farko sirara ne, ana juya su da wata sanda daga kujerar gaba, injinsu madaidaici. Sai aka koma sitiyari irin na mota, aka faɗaɗa jiki, aka ɗauko dabara daga jiragen tsere, wato a yi goshi mai kaifi da zai yanka igiya, a can baya kuma a bar wani siririn fili a gindi, wanda idan gudu ya kai gudu jirgin kan ɗaga ya hau kansa, ya zama ɗan kaɗan ne daga jikinsa ke taɓa ruwa. Skeeter ya fito da irin wannan cikin 1975 da inji mai doki 150, a daidai lokacin da kamfanin Mercury ke kawo injinsa mai silinda shida da doki 175. Gudu a cikin tafki mai cike da kututture kuwa ba ya rasa sakamako, shi ya sa ƙungiyar B.A.S.S. ta ƙayyade ƙarfin inji a doki 150 shekaru masu yawa kafin ta ɗaga zuwa 250, ta wajabta sa rigar ceto muddin babban inji na aiki, ta kuma wajabta igiyar da ke ɗaure a jikin matuƙi, wadda in ya faɗa ruwa za ta fizge ta kashe injin. Dokar tarayya ta 1971 kan lafiyar jiragen nishaɗi ta ba masu tsaron gaɓa ikon gindaya ƙa'idojin ƙira, kuma Ranger na cikin waɗanda suka riga wasu wajen cika kogon jirgi da soso, ta yadda ko ya cika da ruwa zai tsaya a kwance bisa fuskar tafki ba zai nitse ba.

Kuɗi kuwa sai hawa suke yi, har jirgin ya fara fin ƙarfin ma'aikacin da aka ƙera shi dominsa. Johnny Morris, wanda ya fara sayar da kayan fatsa cikin 1972 a wani ɗan lungu na kantin mahaifinsa a Springfield ta Mizuri, ya lura cewa mai saye yakan sha wahalar neman jirgi a nan, inji a can, tirela a wani wuri dabam, kowa da ribarsa. Cikin 1978 ya haɗa ukun a ciniki guda, jirgin alminiyam mai suna Bass Tracker, a kan dala 2,995. Ba a cin babbar gasa da shi a lokacin, amma shi ya sa malamin makaranta da direba suka hau ruwa, kuma kamfanin Morris ɗin ne, Bass Pro Shops, ya wayi gari cikin 2015 ya mallaki kamfanonin jirage na Ranger da Triton da Stratos gaba ɗaya. Skeeter tun 1996 yana hannun Yamaha, kamfanin nan da injinsa ke tura kwalekwalen fasinja a kogunanmu. Sunan Evinrude kuwa, bayan shekara 110 da 'yan kai, an daina ƙera inji da shi cikin 2020.

Kifin ma ya ƙetare teku, jirgin ya bi shi: an kai shi Japan cikin 1925, Afirka ta Kudu cikin 1928, tafkin Naivasha na Kenya cikin 1929, kuma a Zimbabuwe da Afirka ta Kudu akwai gasa da jirage irin na Amurka. Ba ko'ina aka yi farin ciki da zuwansa ba, domin yana cinye kifayen asali, har Japan ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna cikin 2005.

Tun daga ƙarshen ƙarnin da ya wuce siffar jikin jirgin ba ta sake sosai ba, in ban da cire katako daga cikinsa da kamfanoni irin su Triton suka yi domin gudun ruɓewa. Tajdidin duk ya koma ga na'urori. An samu sanduna biyu a baya da ke sauka su soki ƙasa su tsayar da jirgi a ruwa marar zurfi da danna maɓalli. An samu injin goshi mai magana da tauraron ɗan Adam, wanda ke riƙe jirgi a wuri guda ko da iska na kaɗawa, ba tare da an jefa anka ba. Cikin 2018 kuma kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, na'urar da ke nuna kifi a allo yana iyo a gaban jirgi a daidai lokacin da yake iyon, mai su yana ganin ƙotonsa na sauka, yana ganin kifin ya juyo ko ya ƙi. Dokokin gasa su ma ba su tsaya ba: ƙungiyar Major League Fishing ta kawo tsarin da alƙali ke cikin jirgi yana auna kifi nan take a sake shi, wanda ya rage bukatar rijiya, B.A.S.S. kuma ta buɗe gasar ƙananan kwalekwalen roba na mutum ɗaya cikin 2020, inda ake auna tsawon kifi a ɗauki hotonsa da waya.

A kan na'urar hangen gaban nan irin LiveScope ce saɓani ya yi tsanani, irin wanda ba a taɓa gani ba a wannan fanni. Dattawan sana'a suna cewa ilmin da suka tara a shekara 30, na karanta launin ruwa da juyin iska da yanayin kaka da bazara, yaro mai shekara 22 ya zo ya shafe shi da kallon allo, kuma ɗan kallo ba ya jin daɗin ganin mutum ya sunkuyar da kai yini guda. Samarin suna amsawa da cewa haka aka faɗa game da koren akwatin Lowrance, kuma ganin kifi dabam, sa shi ya ci ƙoto dabam. Ni dai na fi karkata ga dattawan ta fuska ɗaya, ita ce cewa kifin da ke tsakiyar tafki a ruwa mai zurfi, wanda a da jahilcin mai su ke kare shi, yanzu ba shi da sauran mafaka. Amma ba a taɓa jin ɗan kasuwa ya janye abin da ake rububin saye ba, sai dai doka ta sa baki. Ta kuwa sa: wata ƙungiyar gasa, National Professional Fishing League, ta hana na'urar baki ɗaya daga kakar 2025, B.A.S.S. kuma a kakar 2025 ɗin ta ƙayyade wa manyan 'yan gasarta na'urar hangen gaba guda ɗaya tak a kowane jirgi, ta kuma ce jimlar faɗin alluna kada ta wuce inci 55, ta yadda mai alluna huɗu masu inci 16 sai ya kwance ɗaya kafin a yarda ya sauke jirginsa a ruwa.